Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Darasin Fiziks a Tsakar Gida

A makarantun firamare da ƙananan sakandare masu yawa na ƙasar Hausa, darasin kimiyya da alli yake farawa, da alli kuma yake ƙarewa. Malami zai rubuta ma'anar ƙarfi ko ta motsi a kan allo da Ingilishi, ɗalibai su kwafa, su yi ta rerawa har ta zauna, ranar jarrabawa kuma su mayar masa da abinsa cif-cif, tamkar ajiya ya ba su. Yaron da ya ci tara cikin goma a irin wannan jarrabawa yana iya karanto dokar motsi ta farko ba tare da tuntuɓe ba, amma idan aka tambaye shi inda dutse zai nufa a daidai lokacin da aka saki igiyar majajjawa, sai ya yi zuru, alhali shi ne gwanin korar tsuntsaye a gonar mahaifinsa. Abin da ya haddace yana wani ɗaki, abin da hannunsa ya sani yana wani ɗakin daban, babu ƙofa a tsakaninsu.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne rashin ɗakin gwaji, kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai matsalar tsohuwa ce, neman maganinta ma ya daɗe. A 1956 hukumar UNESCO ta fitar da littafin jagora ga malaman kimiyya wanda ya ƙunshi ɗaruruwan gwaje-gwajen da ake iya yi da kwalba da gwangwani da zare. A 1965, a birnin Kano aka yi taron da ya haifar da wani shiri na koyar da kimiyya a firamaren ƙasashen Afirka, wanda ya kafu a kan cewa yaro ya taɓa, ya gwada, ya yi tambaya da abin da ke kewaye da shi. A Indiya, Arvind Gupta ya shafe shekaru da dama yana nuna wa yara yadda ake ƙera kayan gwaji daga tarkacen da aka zubar. Ashe dai hanyar sananniya ce. Masu bin ta ne suka yi ƙaranci.

A wata unguwa ta cikin birnin Zariya akwai wata malamar firamare da ta bi wannan hanya, ba a ajinta kaɗai ba, har a tsakar gidan mahaifinta, inda take tara 'ya'yan yayyenta da na maƙwabta da yammacin Alhamis da Juma'a, ranakun da babu makarantar allo. Su tara ne ko goma, daga ɗan shekara shida zuwa 'yar shekara goma sha biyu. 'Yan gida suna ce mata Gwaggo, na waje suna ce mata Malama. Abin da take koya musu shi ne fiziks, wato fannin kimiyyar da ke binciken motsi da ƙarfi da zafi da haske, ko da yake an yi watanni kafin ta faɗa musu wannan suna.

Kayan aiki da dokoki biyu

Dukan kayan aikinta ba su cika kwando ɗaya ba, in aka cire fallen kwanon rufi da ya yi saura lokacin da aka gyara ɗakin girki. Akwai 'yan ƙwallayen gilashi guda 20 da ta saya wurin 'yan koli, da ƙwayoyin ƙarfe da wani bakanike ya ciro mata daga tsohon boris na babbar mota, da gwangwanaye, da rula biyu, da kofuna, da murfin bokiti, da gawayi. Fallen kwanon shi ne babban abin, domin kwarurukansa a jere suke, a miƙe, kamar layukan filin tsere. Ta naɗe bakinsa mai kaifi da tsumma, ta ɗora kansa a kan guntun katako, ya zama gangare.

Dokokinta biyu ne. Ta farko ita ce ƙirga. Gida ne mai masu rarrafe, ɗan ƙwallon gilashi kuwa yana iya maƙale wa yaro ɗan ƙasa da shekara uku a maƙogwaro ya hana shi numfashi. Saboda haka ana ƙirga ƙwallaye kafin a fara, a sake ƙirgawa bayan an gama, idan kuwa 19 aka samu babu mai tashi sai na ashirin ya fito. Doka ta biyu ita ce faɗi kafin gani. Ba a sakin ƙwallo sai kowane yaro ya faɗi abin da yake tsammanin zai faru, an kuma rubuta da gawayi a jikin bango. A ganinta, gwajin da ba a riga an yi masa hasashe ba kallo ne kawai, irin wanda ake yi wa mai dabo a bakin kasuwa: a yi mamaki, a yi tafi, a watse babu abin da ya sauya a cikin kai. Amma yaron da ya furta zatonsa a gaban jama'a ya sa jari a cikin al'amarin, ba zai ƙifta ido ba sai ya ga yadda ta kaya.

Mai nauyi da marar nauyi

Gwajin farko da ya ja hankalin manyan gida shi ne tsere tsakanin ƙwallon ƙarfe da na gilashi. Girmansu kusan ɗaya, amma na ƙarfen ya ninka na gilashin nauyi kamar sau uku, abin da kowane yaro ya tabbatar da tafin hannunsa. Dukansu suka ce na ƙarfe ne zai riga isa. Mahaifin malamar, tsohon magini da ya ajiye aiki, yana zaune a kan buzunsa a gindin bango yana jin su. Babbar jikarsa ta juya ta ce, "Kaka, kai fa me ka gani?"

Ya ce, "Ke amarya, wannan ai ba abin tambaya ba ne. Na ga bulo ya faɗo daga kan bene, na ga takardar buhun siminti ta faɗo. Mai nauyi shi ne gaba."

Aka rubuta zaton Kaka a ƙarƙashin na jikokinsa. Aka tare ƙwallayen biyu da rula a saman gangare, aka ɗaga rular, suka gangaro kafaɗa da kafaɗa, suka daki katakon da aka gitta a ƙasa da ƙara guda. Tsakar gida ta yi tsit. Tsohon ya ce a sake. Aka sake. Ya ce layin da aka ba na gilashi ya fi santsi, a sauya musu. Aka sauya. Ya ce yaron da ke ɗaga rula yana karkata hannu, a ba shi ya ɗaga da kansa. Ya taso daga kan buzu ya ɗaga. Sau biyar ana yi, sakamakon bai sauya ba. Ya koma ya zauna ya ce, "Ikon Allah. To, Malama, takardar buhun siminti fa? Idona ne ya yi mini ƙarya?"

Ta ce, "A'a, Baba, idonka gaskiya ya gani." Ta yago takardu biyu daga tsohon littafin rubutu, ta duƙunƙune ɗaya, ta bar ɗaya a shimfiɗe, ta sake su tare. Duƙunƙunanniyar ta faɗi nan take, shimfiɗaɗɗiyar ta yi ta lilo kafin ta sauka, alhali nauyinsu ɗaya. Sannan ta ɗora shimfiɗaɗɗiyar a bayan littafi, yadda babu gefenta da ya leƙo, ta saki littafin. Suka sauka tare, domin littafin ya tare mata iska. Ashe iska ce ke riƙe takarda, kamar yadda take ɗebe ƙaiƙayi ta bar tsaba idan mata suna sheƙa.

Ra'ayin da tsohon ya faɗa ba na jahilai ba ne. Shi ne ra'ayin Aristotal, babban masanin falsafar Girka, kuma ya yi rinjaye a makarantu kusan shekara dubu biyu, har zuwa zamanin Galileo Galilei na Italiya, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1642. Galileo ya nuna cewa in ba don iska ba, komai tare yake faɗuwa. A 1971, ɗan sama jannatin Amurka David Scott na kumbon Apollo 15 ya tsaya a doron wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin shaho a gaban kyamara, suka taɓa ƙasa a lokaci ɗaya.

Abin lura a nan ya wuce faɗuwar ƙwallo. Bahaushe ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma a sha'anin zaman duniya wannan magana tana da nauyinta. Amma idan aka shimfiɗa ta a kan kowane abu, har da wanda ake iya aunawa, sai a tashi yaron da ke ganin musu da malami ko da littafi rashin kunya ne, irin wannan yaro kuwa ba ya zama mai bincike. A ranar nan babu wanda ya ce wa Kaka ya yi kuskure. Ƙwallo ne ya yanke hukunci, shi kuwa bai san babba ba bai san yaro ba, bai kuma ci mutuncin kowa ba. Al'adar ma ta riga ta bar ƙofa a buɗe, domin wasan da ke tsakanin jika da kaka ya ba yarinyar damar ta tsokane shi har dare, shi kuma ya rama. Sannan sharuɗɗan da ya yi ta gindayawa, a sake, a sauya layi, a sauya mai ɗaga rula, su ne ainihin ladubban gwaji a kowane ɗakin bincike na duniya. Yaran sun koye su daga bakin mai musu.

Agogon tafi

Tambayar da ta biyo baya ta fi wuya: shin gudun ƙwallon ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, ko ƙaruwa yake yi? Kowa ya ga yana ƙaruwa, amma da nawa? Abin da aka saki daga tsayin mita biyu ba ya kai daƙiƙa ɗaya kafin ya taɓa ƙasa, ido ba zai iya bin sa ba. Amfanin gangare ke nan: yana jinkirta faɗuwa ba tare da ya sauya ɗabi'arta ba. Malamar ta rage tudun har ya zama kaurin yatsu uku kacal, yadda ƙwallo zai ɗauki fiye da daƙiƙa huɗu kafin ya ƙure fallen kwanon.

Agogo kuwa 'yan matan ne. Masu wasan gaɗa sun iya riƙe tafi a kan kari ɗaya ba ya sauri ba ya lafawa. Aka saki ƙwallo a kan tafi na farko, yara maza huɗu suka jeru da gawayi, kowanne ya sa alama a inda ƙwallon yake lokacin tafin da aka ba shi. Da fari abin ya dagule, domin 'yan matan suna kallon ƙwallon, yana ƙara gudu suna ƙara saurin tafi. Ɗaya daga cikinsu ce ta kawo shawarar su juya baya. Aka maimaita sau goma. Alamomin ba su faɗa wuri ɗaya ba, sun taru ne gungu-gungu, aka ɗauki tsakiyar kowane gungu. Da aka auna, tafi ɗaya ya ba da kusan santimita 10, biyu kusan 40, uku kusan 90, huɗu kusan 160.

Malamar ba ta ce komai ba, ta bar lambobin a bango har mako ya zagayo. Babbar yarinyar ce ta zo mata da maganar cewa idan aka ɗauki tazarar farko a matsayin ɗaya, to tafiyar ta zama 1, 4, 9, 16, wato ɗaya sau ɗaya, biyu sau biyu, uku sau uku, huɗu sau huɗu. Wani ƙanenta ya ƙara da cewa abin da ƙwallon ke ci tsakanin tafi da tafi shi ne 1, 3, 5, 7, ana tsallake lamba ɗaya kullum.

Wannan ita ce dokar da Galileo ya bayyana a littafinsa da aka buga a Leiden ta ƙasar Holan a 1638, lokacin yana tsare a gidansa kusa da birnin Florence. Kayan aikinsa ba su fi na tsakar gidan nan da yawa ba: katako mai tsawon kamu 12 da aka yi wa kwari aka shimfiɗa masa fata mai santsi, da ƙwallon tagulla, da babban mazubin ruwa mai siririn bututu. Yakan tari ruwan da ya zubo yayin da ƙwallon ke gangarowa, ya auna nauyinsa, nauyin ruwan ya zama ma'aunin lokaci. Mahaifinsa makaɗi ne, kuma masanin tarihin kimiyya Stillman Drake ya yi hasashen cewa Galileo ya yi amfani da karin waƙa wajen raba lokaci a gwaje-gwajensa na farko. Da malamar ta ba su wannan labari, abin da ya fi burge 'yan matan shi ne jin cewa tafin gaɗa ba abin raini ba ne.

Tseren gwangwanaye

Akwai haɗari a cikin kowace doka da yaro ya gano, wato ya mayar da ita sabuwar hadda. Bayan makonni kaɗan, duk abin da aka tambaye su sai su amsa baki ɗaya cewa tare za su isa. Sai malamar ta jingina wani tsohon ƙyaure a kan bulo, ta kawo gwangwanaye uku: na madarar ruwa da ba a fasa ba, na tumatirin gwangwani da ba a fasa ba, da wani fanko. Aka rubuta a bango cewa tare za su isa. Na madara ya zo na ɗaya, na tumatir ya bi shi, fankon ya zo a ƙarshe.

Nan take wasu suka koma ra'ayin Kaka, suka ce ai nauyi ne. Ta ɗauko ƙaton fankon gwangwani wanda ya fi ɗan ƙwallon gilashi nauyi nesa ba kusa ba, ta haɗa su tsere, ƙwallon ya bar shi a baya. Nauyi ya sake faɗuwa jarrabawa. Bayanin da ta yi musu da misalin kuɗin cefane ta yi shi. Gangare yana ba kowane abu rabonsa na kuzari gwargwadon nauyinsa, amma abin da ke mirginawa dole ya raba rabon nan gida biyu, kashi ɗaya na tafiya gaba, kashi ɗaya na juyawa. Wanda nauyinsa ya taru a gefe, nesa da tsakiya, juyawa tana cinye masa da yawa. Fankon gwangwani yana kashe kusan rabi a kan juyi. Na tumatir, da yake abin cikinsa mai kauri ne yana juyawa tare da shi, yana kashe kusan kashi ɗaya cikin uku. Dunƙulallen ƙwallo, na ƙarfe ne ko na gilashi, kashi biyu cikin bakwai yake kashewa, shi ya sa suka isa tare. Madara kuwa ruwa ce, gwangwanin yana juyawa ita tana zaune a ciki kusan ba ta juyawa, don haka kusan dukan rabonta a tafiya yake ƙarewa. Ƙanana ba su kama lissafin ba, amma kowa ya tafi da abu ɗaya: dokar da aka gano jiya tana da iyaka, kuma gwaji ne ke nuna inda iyakar take.

Sauran gwaje-gwajen sun zo da sauƙi. An jera ƙwallaye biyar a tsakanin rula biyu, aka turo ɗaya ya buge su, ɗaya ya fita ta can ƙarshen; aka turo biyu, biyu suka fita. Da aka turo na ƙarfe, ya watsa na gilashin ya ci gaba da tafiyarsa, abin da ya buɗe zancen dalilin da ya sa tifa mai ɗauke da yashi ba ta iya tsayawa nan take kamar keke, darasin da ya shafi rai ga yaran da ke tsallaka titi kullum. An jefa ƙwallo cikin kofin ruwa da na man gyaɗa da na zuma, aka ga bambancin nutsewarsa. Da hunturu ya shigo man ya yi barci, aka shanya shi a rana aka sake gwadawa, aka ga zafi yana tsinka shi. An kuma yanke wani yanki na bakin murfin bokiti, aka zagaya ƙwallo a cikinsa. Yawancin yaran sun zana cewa idan ya iso giɓin zai fita yana lanƙwasa. Ya fita a miƙe sambal. Wannan ita ce amsar tambayar majajjawa, kuma ita ce dokar farko daga cikin ukun da Isaac Newton ya wallafa a 1687: abin da ke tafiya, a miƙe zai ci gaba, sai in wani ƙarfi ya karkatar da shi.

Sunan abu bayan ganin abu

Duk wannan da Hausa ake yin sa, kuma harshen bai gaza ba. Yaro ɗan shekara shida ya san bambancin mirginawa da zamewa da gangarawa, ya san santsi da kaushi, ya san kauri da tsinkewa, ya san abin da ake nufi idan aka ce abu ya tirje. Waɗannan kalmomi su ne tubalan ilimin motsi. Malamar takan bari su raɗa wa abin da suka gani suna da kansu, su yi gardama a kansa, daga baya ta ba su sunan da za su tarar a littafin makaranta, sai sunan ya sami wurin zama.

Wani lokaci ma gwajin ne ke gyara kalma. Wani yaro ya ji ana kiran ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa da sunan maganaɗisun ƙasa. Aka ciro maganaɗisu daga lasifikar wata matacciyar rediyo, ya cafke ƙwallon ƙarfe, ya yi biris da na gilashi, alhali dukansu faɗuwa suke yi idan aka sake su. Yaran suka yanke cewa sunan yana ruɗarwa, suka tsaya a kan jan ƙasa. Wannan aiki ne da kwamitocin ƙirƙirar kalmomi ke zama su yi, ga shi yara sun yi shi da hujja a hannu.

Ba sabon abu ba ne cewa yaro ya fi fahimta da harshen da yake tunani da shi. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara wani shiri na koyar da yara darussan firamare, har da kimiyya da lissafi, da Yarabanci tsawon shekara shida, kuma sakamakon da suka bayar ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Ingilishi ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ita ma ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko na yankin a farkon firamare. Abin da tsakar gidan nan ta ƙara a kai shi ne cewa harshen uwa kaɗai bai isa ba, domin ana iya yin hadda da Hausa kamar yadda ake yin ta da Ingilishi. Sai harshe da hannu sun haɗu.

Farashin yamma biyu

Ba kowa ne a gidan ya ga amfanin abin ba. Mahaifiyar babbar yarinyar, matar yayan malamar, sana'ar awara take yi, kuma yammacin Alhamis da Juma'a lokacin ciniki ne. Wata rana ta tare ta ta ce, "Malama, ni fa ban ga ranar wannan wasan ba. Ga wanke-wanke jibge, ga awara ba a kai bakin titi ba, yarinya tana nan tana gara ƙwallo kamar namiji."

Maganarta tana da tushe. Awa biyu na 'yar shekara goma sha biyu kuɗi ne a gidan da ake lissafin kowace naira, kuma a gidaje da yawa irin wannan lissafi ne ke fara janye 'ya mace daga karatu, ba ƙiyayya ga ilimi ba. Malamar ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ce, "Yaya, a ba ni ita ranar Alhamis kawai, mazan su ɗauke mata ɗiban ruwa da wanke-wanken ranar." Aka yi ta ja-in-ja kafin a daidaita a kan haka, yarinyar ta rasa Juma'a ta tsira da Alhamis.

Bayan wani lokaci malamar ta roƙi matar yayan nata ta zo ta gaya wa yara dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi, da dalilin da ya sa take lulluɓe tulu da jiƙaƙƙen buhu a lokacin bazara. Ta ce randa tana gumi ne, iska tana shan gumin. Yaran suka cika kwalabe biyu da ruwa, suka naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya da busasshe, suka ajiye su a inuwa inda iska ke kaɗawa. Bayan awa guda hannu ma ya isa ya bambance su. Ruwan da ke bushewa yana tafiya da zafi, kuma abin ya fi aiki idan iska a bushe take, shi ya sa randa ba ta sanyi sosai da damina. A kan wannan ka'ida ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don adana kayan miya, aikin da ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Matar ba ta fasa cewa wasa ne ba, amma daga ranar ba ta sake kiran 'yarta ana tsakiyar gwaji ba.

Iyakar ƙwallon gilashi

Kuskure ne a ɗauki wannan labari a matsayin hujjar cewa makaranta ba ta buƙatar kayan aiki. Ƙwallon gilashi ba ya auna lantarki, tafi ba ya raba daƙiƙa gida ɗari, kuma ɗalibin babbar sakandare da zai zauna jarrabawar gwaji yana buƙatar ya riƙa ma'aunai na gaske tun kafin ranar. Haƙƙin samar da su yana nan a wuyan hukuma. Abin da ya yiwu da yara goma a tsakar gida kuma yana da wuya a ajin da yara suka cika maƙil har wasu na zaune a ƙasa, ga manhaja tana jiran a ƙare ta kafin ƙarshen zango. Malamar kanta a ajinta sau ɗaya take iya yin gwaji a mako biyu, ta kasa yara rukuni-rukuni, wasu na yi wasu na leƙe.

Amma akwai abin da ba ya jiran kasafin kuɗi. Kwalejojin horar da malamai suna iya tabbatar da cewa babu wanda zai karɓi takardar shaidar koyar da kimiyya a firamare sai ya taɓa gara ƙwallo a gangare da hannunsa, ya faɗi zatonsa, ya ga ya ci ko ya faɗi a gaban 'yan'uwansa. Malamin da bai taɓa ɗanɗana wannan ba zai ji tsoron gwajin da zai iya ba shi kunya a gaban aji, ya koma ga alli, inda babu mai musa masa. Sassan Hausa na jami'o'i su ma suna da nasu rabon, domin ƙananan littattafan gwaji da aka rubuta da Hausar da uwa za ta iya karanta wa ɗanta sun yi ƙaranci ƙwarai idan aka kwatanta da yawan masu buƙatarsu.

Ba a san ko cikin yaran nan goma akwai wanda zai zama injiniya ko likita ba. Wasunsu wataƙila ba za su wuce ƙaramar sakandare ba. Abin da ya tabbata shi ne wata ɗabi'a ta shige su. Idan gardama ta tashi a kan ko ruwan zafi ya fi narkar da sukari, ko wace hanya ce ta fi kusa zuwa famfon unguwa, ba sa rantsuwa, ba sa cewa wane ne ya faɗa. Ɗayansu yakan tashi ya nemo gawayi, ya ce kowa ya faɗi nasa tukuna. Mutumin da ya tashi da wannan ɗabi'a, ko manomi ya zama ko 'yar kasuwa, zai yi wuyar ruɗuwa ga mai maganin da ke warkar da kowace cuta, ko ga labarin da aka turo masa ta waya aka ce ya yaɗa kafin ya bincika.